Tambayoyinku: Bene Ɗaya, Masu Shi Da Yawa, To Wa Ke Da Me?

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin da suka shigo wannan makon yawancinsu akan abu ɗaya suke, wato sa kuɗi a benen da ba kai kaɗai ke da shi ba, to na zaɓi guda huɗu, sauran ku yi haƙuri ina fatan zaku ga amsarku a ciki.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a ƙara min haske. Ina zuwa Dubai sarin kaya, akwai wani dillali da muka saba dashi a Deira ya dameni in sayi fulat mai ɗaki ɗaya a wani dogon bene, wai haya zata riƙa bani kashi 8 cikin 100 duk shekara. Abin da ya ɗaure min kai shine benen ya fi hawa ashirin kuma masu shi sun fi mutum ɗari biyu, to ni me na saya kenan? Ƙasar ta waye, rufin na waye, in lif ya lalace wa zai gyara? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, gaskiya naji daɗin wannan tambayar tun kafin ka cire kuɗi daga aljihu. Abu biyu zaka saya a haɗe kuma ba a raba su. Na farko fulat ɗin kanshi, daga ƙofarka zuwa ciki, tayil da fenti da kicin da banɗaki, wannan naka ne kai kaɗai, ofishin filaye na Dubai zai baka takardar mallaka da sunanka, kana iya sayarwa ko ka sa haya ko ka bar wa magada. Na biyu wani kaso ne a duk abin da kowa ke amfani dashi, ƙasar da benen ke kai, fandisho, ginshiƙai, rufi, matakala, lif, korido, tankunan ruwa, manyan bututai da wayoyin wuta, wurin ninƙaya in akwai. Wannan kason ba zaka iya nuna shi da yatsa kace ga nawa ba, lissafi ne kawai gwargwadon girman fulat ɗinka idan aka kwatanta da girman duka fulatan benen, kuma duk inda fulat ɗin ya tafi kason na biye dashi, ba zaka sayar da ɗaya ka riƙe ɗaya ba.

Dokar da ke tafiyar da wannan a Dubai itace doka mai lamba 6 ta shekarar 2019, ita ta maye gurbin ta 2007. A ƙarƙashinta kamfanin gudanarwa ne ke kula da benen, hukumar RERA mai kula da harkar gidaje a Dubai na sa masa ido, su kuma masu gida suna da kwamiti da bai wuce mutum 9 ba wanda aikinsa duba kasafi da kai koke da bada shawara, amma ba su ke riƙe da kuɗin ba. To amsar wa zai gyara lif itace kai ne Alhaji, kai da sauran ɗari biyun, ta hanyar abin da ake kira sabis caji. Duk shekara kamfanin zai tsara kasafi, masu gadi da masu shara da inshora da gyaran lif da wutar korido da sauransu, RERA ta amince, sai a raba wa kowa bisa yawan murabba'in ƙafar fulat ɗinsa, takardar biyan kuma ta wani tsari take fitowa mai suna Mollak, kuɗin ya shiga asusun benen.

Anan ne nake so ka nutsu, domin kashi 8 ɗin da dillalinka ke faɗa kusan kullum haya ce aka raba da farashi shikenan, ba a cire komai ba. Bari mu yi misali da lambobin da na ɗauka don lissafi kawai, kai sai ka sa na gaskiyar. A ce fulat ɗin dirhami 750,000 ne, haya 60,000 a shekara, kaga kashi 8 ya fito daidai. To amma wajen saye akwai kashi 4 na ofishin filaye wato 30,000, a al'adar kasuwar mai saye ne ke ɗaukarsa, ga kashi 2 na dillali 15,000, kuɗinka ya koma 795,000 tun ba a sa ƙananan kuɗaɗen takardu ba. A ce girmansa murabba'in ƙafa 800 kuma sabis caji dirhami 15 kan kowace ƙafa, 12,000 ta tafi. Kai kana Kano dole ka sa wani ya kula maka da ɗan haya, a ce 3,000. Wata ɗaya gidan ya zauna ba kowa tsakanin fitar wani da shigar wani, 5,000. Hita ta ƙone, famfo na ɗiga, 2,000. Abin da ya rage 38,000, ka raba da 795,000 zaka ga bai kai kashi 5 ba. Ban ce mummunar riba bace, musamman da yake dirhami a ɗaure yake da dala, mai jin tsoron faɗuwar naira yana da hujjarsa, amma ka shiga da sanin 5 zaka samu ba 8 ba.

Kuma sabis caji ba ya jiran ɗan haya, ko gidan a rufe yake kai ake bi. Wanda ya ƙi biya dokar ta bada dama a aiko masa da takardar gargaɗi ta kwana 30, bayan nan a kai maganar gaban alƙalin zartarwa, har tana iya kaiwa ga gwanjon fulat ɗin, kuma ba a barin ka sayar sai ka biya bashin. Wannan tsaurin a wajena alheri ne ga mai biya, don in maƙwabtanka hamsin suka ƙi biya lif ɗin da ɗan hayarka ke hawa ne zai tsaya, hayarka ce zata faɗi.

Abin da ya fi damuna kuma mutane ba sa tambaya shine asusun ajiya na manyan gyare-gyare. Bene yana tsufa, lif da injinan sanyaya ɗaki da rufi duk suna da ranar da za a canza su, in ba a tara kuɗin a hankali ba wata rana za a aiko wa kowa da takarda ya kawo nasa a dunƙule. Ka tuna abin da ya faru a Surfside ta jihar Florida a Amurka, bene mai hawa 12 mai suna Champlain Towers South da aka gina a 1981. Tun 2018 injiniya ya rubuta musu cewa kankaren da ke ƙarƙashin wurin ninƙaya ya lalace sosai, aka yi ta kai ruwa rana akan kuɗin, sai a 2021 aka amince za a tara kusan dala miliyan 15, mai ɗaki ɗaya kasonsa ya kai wajen dala 80,000, ba a kai ga gyaran kankaren ba wani sashe na benen ya rufta ranar 24 ga Yunin 2021, mutum 98 suka rasu. Bayan nan ne Florida tayi doka a 2022 ta tilasta binciken tsofaffin benaye da tara kuɗin ajiya. Shi yasa in dillali yace maka wannan benen sabis cajinsa arha ne kar ka yi murna tukuna, ka tambaya me yasa yayi arha.

Kafin ka biya ko sisi ka ce a nuna maka takardar sabis caji ta shekaru biyu ko uku baya kaga yadda yake hawa, da nawa ke cikin asusun ajiya, da shekarar da aka gama ginin, don doka ta ɗora wa kamfanin da ya gina alhakin gyara matsalar jikin ginin na shekara 10, na kayan wuta da famfo kuma shekara 1 kacal, in benen ya haura shekara goma komai ya dawo kanku. Ka tabbatar yankin yana cikin waɗanda aka yarda baƙo ya mallaka, irinsu Dubai Marina da Business Bay da Jumeirah Village Circle da International City. In kuma ginin ba a gama shi ba a kan zane ake sayarwa, kuɗinka asusun aikin zai shiga wanda doka mai lamba 8 ta 2007 ta tanada, kar ka kuskura ka tura a akawun ɗin dillali komai sabonku. Sannan tunda kana zuwa, ka je benen da ƙafarka da daddare, ka tsaya kaga minti nawa ake jiran lif, ka sauka wurin fakin na ƙasa ka ɗaga kai ka duba silin ko akwai tabon ruwa ko rodi ya fito yayi tsatsa, ka ja mai gadi da hira.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu biyar ne ƙawaye, shekaru muna adashi tare, yanzu mun ga wani bulok mai fulat shida a Kubwa muna so mu haɗa kuɗi mu saya mu riƙa raba haya. Kuɗinmu ba ɗaya bane, wata ta fi wata. Shawarar da aka kawo itace a sa sunan mijin ɗaya daga cikinmu a takarda tunda shi ya san kan harkar kuma mutumin kirki ne wallahi. Ya kake gani? Daga wata ma'aikaciya a Abuja.

AMSA: Hajiya Allah ya sa albarka a wannan haɗin kai naku, amma dan girman Allah kar ku sa sunan mutum ɗaya. Ban yi shakkar kirkinsa ba ko kaɗan, mutuwa nake jiye muku. Ranar da ya faɗi ya rasu, Allah ya ja da ranshi, gidan a idon hukuma nasa ne, zai shiga lissafin gado, iyayensa da 'ya'yansa da wataƙila wata matar duk suna da bakin magana, ku kuma ku dawo kuna neman shaidu. Ko yana raye ma in bashi ya hau kanshi masu bin bashi sunan da ke takarda zasu bi. Kin san yadda gidan gado yake komawa in magada sun yi yawa, kowa na karɓar haya ba mai sayen kwano, to haka naku zai zama in ba a rubuta komai ba.

Naku ya bambanta da na Alhajin da ke sama, shi yana da fulat ɗinsa da lamba, ku kuwa ba wadda zata ce wannan fulat ɗin nawa ne, kowace tana da kaso ne a dukkan ginin. Hanya biyu ce a gabanku. Ko dai a rubuta sunayenku duka biyar a takardar cinikin tare da kason kowa a fili, wance kashi 30 wance 15, lauya ya rubuta ƙarara cewa kason kowace na magadanta ne in ta rasu, don akwai wani salon rubutu a dokar Turawa da in an yi shi kason mamaci sauran abokan tarayya yake komawa, wannan kuwa ya saɓa wa rabon gado na Musulunci. Ko kuma ku yi rajistar kamfani a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, kamfanin ya sayi gidan, kowace ta riƙe hannun jari daidai kuɗinta. Ni na fi karkata ga kamfani a irin yanayinku, dalili kuwa dokar filaye ta 1978 tace duk canjin hannu na fili sai da amincewar gwamna, a Abuja kuma minista, abu ne mai cin kuɗi da lokaci, in sunayenku ne a takarda duk sanda ɗaya zata fita sai an koma wannan layin, in kamfani ne hannun jari kawai za a canza gidan yana nan da sunansa. Sai dai kamfani nada nashi nauyin, rahoton shekara-shekara ga CAC da maganar haraji da ɗan kuɗin akanta, ku sa shi a lissafi.

Kowace hanya kuka bi, yarjejeniyar tsakaninku ita ce gaba da komai, ku zauna yanzu da kuke dariya da juna ku rubuta abubuwan da ba daɗin faɗa. In wata na son fita wa zai yi wa kasonta kuɗi, kuma kwana nawa za a ba sauran su nemo kuɗin kafin ta kai wa bare? Wannan ma addini ya riga ya tanada, shine shuf'a, a hadisin Jabir Annabi (SAW) ya hukunta ta a dukiyar da ba a raba ba, kuma a mazhabar Malikiyya abokin tarayya ke da ita ba maƙwabci ba, ana rabata gwargwadon kason kowa. Dokar kamfanoni ta 2020 ma tana da makamancin haka ga kamfani mai zaman kansa, a fara tallata wa 'yan ciki. Sai maganar in transifoma ta ƙone ko bohol ya ƙafe ana neman kowa ta kawo wata tace bata dashi, rance za a lissafa mata ko a cire a hayarta? Ƙuri'a da kai ake ƙirgawa ko da yawan kuɗi? Kuma wanda na san zai zo, ɗan'uwan wata ya nemi a bashi fulat ɗaya ya ɗan zauna kafin ya samu wuri, ku rubuta tun yanzu cewa kowa haya zai biya kamar bare.

Haya ta shiga akawun ɗaya mai sa hannun mutum biyu, kuma da yake a nan hayar shekara ake biya gaba ɗaya akwai jarabar a rabe ta ranar da ta shigo, ku daure ku fara cire wani kaso ku ajiye don fenti da kwashe sokawe da rufi. Mijin ƙawar taku in shi zai kula da gidan a yanka masa ladansa a rubuce, hakan ya fi masa mutunci shi ma. Kafin komai kuma lauyanku, ba na mai sayarwa ba, ya je AGIS, ofishin bayanan filaye na Abuja, ya binciki takardar, don a unguwannin gefen Abuja akwai filaye da yawa masu takardun ƙananan hukumomi waɗanda sai an daidaita su hukumar birnin ke yarda dasu.

TAMBAYA: Yallaɓai naga talla a Instagram wai da naira dubu hamsin zaka mallaki wani yanki na bene a Legas ana turo maka haya duk wata. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ƙanena tsarin akwai shi a duniya, amma abin da kake saya hannun jari ne ko alƙawari daga kamfani, sunanka ba zai hau takardar fili ba. Ka tambaye su adireshin benen, da sunan da ke kan takardarsa, da yadda zaka fita in kana son kuɗinka, sannan ka duba ko suna da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, wadda ta fitar da ƙa'idojin tara kuɗi daga jama'a tun 2021. Rajistar CAC kaɗai ba izinin karɓar jarin mutane bace. In sun yi maka alƙawarin riba tsayayya mai yawa duk wata ka ja da baya, haya ba ta haka. In burinka ka fara da kaɗan, akwai asusun gidaje da ake cinikinsu a kasuwar hannun jari ta Najeriya kamar UPDC REIT da SFS REIT, suna wallafa lissafinsu kowa ya gani, farashinsu na hawa yana sauka, in kana da damuwa ta ɓangaren halasci ka duba inda suke ajiye rarar kuɗinsu ka tambayi malami.

TAMBAYA: Malam mahaifinmu ya sayi fulat a hawan ƙarshe na wani bulok a Garki lokacin da gwamnati ta sayar da gidajenta, yanzu ni ke kula dashi ɗan haya ne a ciki. Rufin na yoyo har silin ɗin falo ya zubo, na ƙasa sun ce ba ruwansu tunda ba kansu yake zuba ba, amma da sokawe ya cika sun aiko in kawo kasona. Wannan adalci ne? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Malam ba adalci bane, amma kar ka rama da ƙin biyan na sokawe. Lokacin da aka fara sayar da gidajen nan a 2005 kowa ya karɓi makullin fulat ɗinsa, abin da ada gwamnati ke gyarawa ya koma kan mutanen da basu taɓa zama sun tsara yadda zasu yi ba, shi yasa zaka ga bulok cikin fulat tsaf amma matakala ba ƙwan fitila. Fara da ɗauko takardun da aka ba mahaifinku ka kai wa lauya ya duba me suka ce akan wuraren tarayya, don a Najeriya yawanci abin da takardar cinikin ta faɗa shi ake bi. A ƙasashen da suka yi wa abin doka ta musamman, kamar Dubai da na ambata, rufi na kowa ne kamar yadda fandisho yake na kowa, kuma hankali ma ya yarda, ruwan da ke shiga ta sama yau a cikin bango da dekin yake sauka, rodi yayi tsatsa, shekara kaɗan ya isa na ƙasan.

Malamanmu ma basu bar wannan babin ba. A Risala an kawo cewa in ƙasa na wani sama na wani, gyaran ƙasan na kan mai ƙasa, har da tokare saman in ƙasan ya raunana, kuma ana tilasta masa ko ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Kaga tun can ba a yarda mutum yace sashena ne ba ruwan kowa ba matuƙar wani zai cutu. Wannan zaka iya faɗa musu cikin lalama.

Ka biya na sokawen ka karɓi rasit, sannan ka nemi lambobin ainihin masu fulatan ba 'yan haya ba, don yawancinsu irinka ne basa zaune a wurin kuma su ne hayarsu zata faɗi in bulok ɗin ya lalace. Ka ɗauki hoton silin ɗin da rufin, ka samo farashi daga kafintoci uku, ka tura musu tare da shawarar a kafa ƙungiyar masu bulok, a buɗe akawun mai sa hannun mutum biyu, kowa ya riƙa zuba wani abu duk wata, rufi da sokawe da tanki da fitilar matakala duk daga nan za a riƙa yi, in abin ya zauna ku yi mata rajista a CAC. In sun ja ƙafa kuma damina ta matso, ruwan Abuja tun wajen Afrilu yake farawa, ka sanar dasu a rubuce cewa zaka gyara da kuɗinka kuma zaka nemi kason kowa, ka adana duk rasit, ɗan hayarka kuma ka rage masa wani abu a hayar bana saboda falon da ya kasa amfani dashi.